Ba a shuka fura

A wata makarantar sakandare nan Dakoro inda na koyar, wani matashi ya taɓa rubuta mana ɗan shirin kwamfuta mai haɗa makin ɗalibai. Ka zuba maki bisa 20, ya ninka da nauyin kowane darasi, ya fito maka da jerin na ɗaya har na ƙarshe. Aikin da ke cinye mana dare uku ya koma na awa guda. Muka sa masa albarka, ya tafi ci-rani. Shekarar da aka sauya nauyin wani darasi, muka nemi mu gyara shirin, babu ta inda za a shiga. Muka koma ga biro da takarda.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Kowane shiri yana farawa ne da rubutun da mutum ya yi, wanda wani zai iya karantawa ya gyara. Shi ake kira rubutun tushe. Daga nan wani shirin ya juya shi zuwa harshen na'ura, wanda ita kaɗai ke ji. Na farko gero ne, na biyu fura. Yaron nan fura ya bar mana, geron yana cikin jakarsa.

Kada ku ce wannan matsalar ƙauye ce. Bankuna da hukumomi da yawa a duniya har yau suna aiki da manyan kwamfutocin IBM, da shirye-shiryen COBOL, harshen da aka ƙirƙira a 1959. Ɗauke irin wannan rubutu daga babbar na'ura zuwa wata aiki ne na natsuwa. Manyan na'urorin suna ajiye haruffa da wani tsari, EBCDIC, dabam da na kwamfutocinmu. In ba a juya shi daidai ba, rubutu ya dagule, kamar yadda ƙ da ɗ ke zama alamar tambaya in ka buɗe takardar jarrabawa a kwamfutar wani. Tsohon COBOL kuma yana bin layin kati mai gurbi 80, kowane abu da gurbinsa. Layi ya goce kaɗan, ko fayil ɗaya ya ɓace a hanya, juyin ya ƙi. A watan Afrilun 2020, da korona ta jefa mutane cikin rashin aiki, sai da gwamnan jihar New Jersey a Amurka, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL.

Mu kuwa me muke koya wa ƴaƴanmu da sunan darasin kwamfuta? Buga wasiƙa da danna maɓalli. Na san za a ce ina wutar, ina na'urorin. Gaskiya ne, ni ma na sha zama a aji ina jiran wuta. Amma masu COBOL na farko a takarda suke rubuta shirinsu kafin a huda kati. Malamin lissafi zai iya rubuta layi goma a allo, yara su bi shi mataki-mataki su gano inda kuskure yake.

Ku kuma iyaye na kwamitin makaranta, duk ranar da aka ce a tara kuɗi a yi wa makaranta shiri, ku sa sharaɗi kafin a biya: a miƙa rubutun tushe, a ajiye shi wuri biyu, kuma a zaunar da malami ɗaya a nuna masa yadda ake juya shi.