Uwargida, Ke Kina Zuwa Awo, Shi Maigida Fa?

Uwargida, duk ranar da kika zo awon ciki ana auna jininki, a gwada fitsarinki, a ɗora ki a kan ma'auni, wani lokaci kuma a yi miki hoton ciki. Kafin ki haihu an duba ki sau da dama. To amma shi wanda ya kawo ki, ya zauna a inuwa yana jira, yaushe rabon da wani ya duba shi? Idan kika tambaye shi, amsar da za ki ji ita ce shi lafiyarsa ƙalau, ai ga shi yana fita nema kullum. Ra'ayina shi ne wannan amsa ba ta isa ba, kuma ke ce kika fi kowa damar sa shi ya sake tunani. Bari in ba ki labarin wani mutum da ya fi yawancin mazanmu ƙarfin jiki.

Dwyane Wade shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando ne a Amurka. Ya ci kofin gasar NBA sau uku da ƙungiyar Miami Heat, a 2006 da 2012 da 2013, ya kuma samu lambar zinariya a wasannin Olamfik na 2008 a Beijing. Ya ajiye wasa a 2019. Bayan 'yan shekaru sai ya fara jin murɗawar ciki, ya kuma lura fitsarinsa ba ya fita da ƙarfi kamar da. Abin da ya ƙara tura shi wurin likita shi ne mahaifinsa ya yi fama da ciwon dajin furostet, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Da aka ɗauki hoton jikinsa sai aka ga ƙari a ƙodarsa ta dama, wurin da ba shi ya kai shi asibiti ba. A watan Disamba na 2023, yana da shekara 41, aka yi masa tiyata aka cire kashi 40 cikin 100 na wannan ƙoda. Da aka gwada abin da aka cire, aka tabbatar ciwon daji ne, amma yana matakin farko. Bai bayyana wa duniya ba sai a Janairun 2025. Kafin nan ma ya warware har ya yi aikin sharhin wasanni a talabijin lokacin Olamfik na 2024 a Faris.

Abin lura na farko shi ne ciwon dajin ƙoda ba ya yin hayaniya da wuri. Ƙoda biyu Allah Ya ba mu, suna can ciki ta bayan kwiɓi, suna tace ruwan jini kusan lita 180 a kowace rana, su fitar da dattin ta fitsari. Ƙari zai iya girma a jikin ɗaya, ɗayar tana aikinta, mutum bai ji komai ba. Shi ya sa a ƙasashen da ake yawan ɗaukar hoto, fiye da rabin masu wannan ciwo ana gano su ne bisa katari, sun je neman maganin wani abu daban. Ciwon ya fi kama maza, kusan ninki biyu na mata, kuma ya fi yawa bayan shekara 50, ko da yake ga Wade nan bai kai ba. Shan taba, ƙiba mai yawa, hawan jini da kuma samun mai ciwon a cikin dangi na jini duk suna ƙara haɗarinsa.

Idan ya fara nuna kansa, ga alamomin da ya kamata ki riƙe: jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne kuma ko da babu zafi, ciwo a kwiɓi ɗaya da ya ƙi tafiya, wani abu mai tauri da ake ji a gefen ciki, rama ba dalili, zazzaɓi mai zuwa yana dawowa alhali an sha maganin cizon sauro, kasala da ƙarancin jini. A nan ne muke da tamu matsalar. A wurarenmu da zarar an ga jini a fitsari sai a ce tsargiya ce, tunda da yawa sun yi ta suna yara a rafi ko kududdufi. Gaskiya ne tsargiya ta fi yawa nesa ba kusa ba, haka ma tsakuwar ƙoda da ciwon sanyin mafitsara. Amma magidanci mai shekara 45 da ya ga jini a fitsarinsa ba shi ne zai yanke wa kansa hukunci a kantin magani ba. Gwajin fitsari da hoton ciki su ne za su raba gardama.

Na san abin da za a ce: Wade mai kuɗi ne, a Amurka yake, mu ina muka ga kuɗin hoton jiki gaba ɗaya? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ba ina cewa kowane mai lafiya ya je a yi masa irin wannan hoto ba. Likitoci ma ba sa ba da shawarar haka ga wanda ba shi da wata alama. Abin da nake cewa shi ne, na'urar nan da ake goga miki a ciki a ga kwanciyar jariri, ita ce dai ake fara duba ƙoda da ita. Awon jini kuwa ba ya ɗaukar minti biyar. Kuɗin waɗannan ba su kai na ragon suna ba, kuma ba su kama ƙafar abin da ake kashewa idan ciwo ya yi nisa ba.

Sai kuma maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya bazu. Wannan magana ta kai mutane da yawa kabari. Abin da ke faruwa shi ne ana zuwa asibiti ne bayan ciwon ya riga ya bazu, idan mutum ya rasu sai a ɗora wa tiyata laifi. A ciwon dajin ƙoda, tiyata ita ce babban magani matuƙar bai fita daga ƙodar ba. Idan ƙarin ƙarami ne sai a yanke wurin kawai a bar sauran, kamar yadda aka yi wa Wade. Idan babba ne a cire ƙodar duka, kuma mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, ya yi aiki, ya yi iyali. Alƙaluman Amurka sun nuna fiye da mutum 90 cikin 100 da aka gano nasu yana cikin ƙoda suna nan da rai bayan shekara biyar. Idan ya kai ga huhu ko ƙashi, adadin ba ya kai 20. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ke ma kada ki cire kanki. Idan kin ga jini a fitsari kina da ciki, ko kwiɓi ya matsa miki tare da zazzaɓi, ki faɗa wa ungozoma ko likita a ranar, kada ki jira ranar awo. Galibi ciwon sanyin fitsari ne mai saurin magani, kuma hoton ciki ba ya cutar da jariri. Bayan kin sauka kuma, ki sani akwai wani ciwon dajin ƙoda na yara da ake kira Wilms, wanda ya fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Sau da yawa uwa ce ke fara jin tauri a gefen cikin yaro wajen wanka. Kada a ce saifa ce a yi ta tsaga da jiƙe-jiƙe. A kawo shi asibiti, domin yana cikin cututtukan daji da ake warkewa sosai idan an zo da wuri.

Wade ya ce lokacin jinyarsa ne karo na farko da iyalinsa suka gan shi cikin rauni, kuma su ne suka riƙe shi. Maigida, idan wannan takarda ta zo hannunka, ka sani faɗin ciwo ga iyali ba ragwanci ba ne. Jaririn da ake jira yana buƙatar uba mai rai da lafiya har ya girma.

Saboda haka uwargida, ranar awonki mai zuwa ki roƙe shi ya shigo tare da ke. A auna jininsa, ya faɗa wa likita duk wani canji da ya gani a fitsarinsa, in yana shan taba ya nemi taimakon bari. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya bar ku tare ku raini abin da za ki haifa.