Bayan zaman makoki: Mu daina ɓoye sunan cutar daji

Duk wanda ya saba zuwa ta'aziyya a ƙasar Hausa ya san amsar da ake ba mai tambayar abin da ya yi ajalin mamaci. Za a ce masa, "Ai ta daɗe tana jinya," ko kuma, "Kwana ne ya ƙare." Babu shakka kwana ne ya ƙare, kuma babu mai wuce lokacinsa. Amma idan cutar daji ce, wato sankara ko kansa, sai ka ji an sassauta murya, ana kewaye sunanta kamar wani abin kunya. A nawa ra'ayi, wannan shirun yana cutar da mu sau biyu: yana hana waɗanda aka bari samun sanyin zuciya, yana kuma buɗe wa cutar ƙofar gida na gaba. A kan haka nake son jawo hankalin mai karatu, musamman mu mazauna garuruwan bakin iyaka irin su Araba da ke Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato.

Yadda abin yake faruwa a wajenmu kusan iri ɗaya ne. Mace za ta ji ƙullutu a mamanta, kunya ta sa ta yi shiru har tsawon watanni. Idan ta faɗa, sai a fara da mai maganin gargajiya, wanda zai ce jifa ne, ya kuma gargaɗe ta cewa daji ba ya son ƙarfe, don haka kada ta yarda da allura ko tiyata. A sayar da raguna, a sayar da albasa tun ba ta yi daraja ba, a jinginar da gona. Sai ciwo ya fashe sannan a nemi mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 80, ko a tsallaka Birnin Ƙonni a nufi asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar. Ita ma wannan hanya ta biyu ba kullum take a buɗe ba, domin an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Lokacin da likita zai ga maras lafiya, sau da yawa cutar ta riga ta bazu.

Wannan ba matsalar Araba kaɗai ba ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 127,000 suka kamu da cutar daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Ba ta kuma barin mai hali, domin ita ce ta yi ajalin Hajiya Maryam Babangida a Amurka a Disamban 2009, da Farfesa Dora Akunyili a Indiya a 2014.

To, bayan an share makoki, baƙi sun watse, me ake bar wa iyali? Ana bar masu bashi, da marayu, da "da na sani", da kuma zargi. Ni kaina na rasa yayata ta wannan cuta, kuma na ga yadda zancen jifa ya kusa raba zumuncin gidaje biyu. Abin da ya kashe wutar shi ne ranar da mijinta ya zaunar da dangi, ya fito da takardun asibiti, ya ce, "Sankarar mama ce, kuma likita ya ce da an zo da wuri da akwai abin yi." Daga ranar kishiya ta fita daga zargi, hankalin kowa ya koma kan 'ya'yan da ta bari. Sauƙin farko da mai rashi yake samu ke nan: ya san cewa cuta ce daga cikin cututtukan da Allah Ya saukar, ba makircin maƙwabci ba.

Wasu za su ce haƙuri shi ne a yi shiru a bar wa Allah. Sai dai addininmu bai fassara haƙuri da haɗiye baƙin ciki ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma ya umurci a yi wa iyalan Ja'afar abinci da labarin rasuwarsa ya iso. Abin takaici, mu mun juya al'amarin: gidan da jinya ta cinye wa dukiya shi ne kuma zai ciyar da masu gaisuwa. Maƙwabcin da yake son ladan ta'aziyya, ya koma gidan bayan wata guda, lokacin da mai takaba ta rage ita kaɗai da tunani, ya tambayi abin da yara suka ci da kuma bashin da ya rage.

Mu Sakkwatawa ba ma buƙatar zuwa nesa neman abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta sha rashi iri-iri, har da na ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Ba ta ɓoye baƙin cikinta ba, ta zuba shi a cikin marsiyoyi. Ba ta kuma tsaya a nan ba, ta ci gaba da tura jajis ɗinta na 'Yan Taru ƙauyuka suna ilimantar da mata a cikin gidajensu. Irin wannan aiki nake ganin ya dace da matan da suka yi jinyar mai cutar daji. Wadda ta kwana tana wanke miki, ta ga yadda ƙaramin ƙullutu ya zama ajali, ta fi kowace sanarwar rediyo tasiri idan ta yi magana a makarantar Islamiyya ko a gidan suna. Masu iya magana suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Saƙon da za ta kai ba mai wahala ba ne. Ƙullutun da ba ya zafi shi ma abin kai wa likita ne. Jinin da ke zuwa ba a lokacin al'ada ba, ko bayan mace ta daina al'ada, ba abin jira ba ne. Idan uwa ko 'yar'uwa ta yi sankarar mama, sauran matan gidan su riƙa zuwa ana duba su. Dattijon da fitsari ke yi wa wuya shi ma ya je a gwada shi. Sannan ga rigakafin sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe mata kimanin 8,000 a ƙasar nan a 2020. Gwamnatin Tarayya ta fara bayar da shi kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, ya kuma iso Jihar Sakkwato a zagaye na biyu a 2024. Uban da ya binne matarsa saboda wannan cuta, idan ya riƙe hannun 'yarsa ya kai ta a yi mata allurar a gaban jama'a, ya gama amsa duk wata jita-jita.

Na san akwai masu ganin faɗin sunan ciwo tonon asirin mamaci ne, ko kuma zai hana 'yan matan gidan samun miji. Wannan fargaba ce da ya kamata a saurara. Amma cutar daji ba laifi ba ce da mamaci ya aikata, ba a kuma ɗaukarta ta cin abinci tare ko zama wuri ɗaya. Ba a ce a yi shela a kasuwar Illela ba. Abin da ake nema shi ne dangi na jini su sani, domin saninsu na iya tsawaita rayuwar wani da yardar Allah.

Hukuma ma tana da nata kason. Ya kamata Gwamnatin Jihar Sakkwato ta mayar da gwajin mama da na bakin mahaifa aikin yau da kullum a Babban Asibitin Illela da ƙananan asibitocin da ke kewaye, ta kuma tanadi maganin kashe raɗaɗi ga waɗanda ciwonsu ya yi nisa. Ƙasar Yuganda ta nuna cewa talauci ba ya hana wannan, domin tun 1993 aka fara kai irin wannan kulawa har gidajen marasa lafiya a can. Iyalin da suka ga nasu ya cika cikin natsuwa sun fi saurin samun dangana fiye da waɗanda kukansa ke ta dawo masu a kunne.

Daga ƙarshe, ina kira ga limamanmu da hakimai da masu unguwanni su taimaka a cire wa wannan cuta rigar kunya. Wanda ya tafi ba zai dawo ba, amma idan labarin jinyarsa ya sa mutum ɗaya ya je asibiti da wuri, muna fatan Allah Ya sanya shi a mizaninsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, mu kuma Ya ba mu haƙurin da ke tafiya da aiki.