Baiko Ta Wayar Hannu: A Asusun Wa Yake Sauka?

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, yau maganar kuɗi za mu yi, ko da yake mun san ba kowa ke son jin ta daga bakin ma'aikacin ikilisiya ba.

A farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun Naira 200, 500 da 1,000, an shiga ƙarancin tsabar kuɗi mai tsanani. Kwanon baiko ya riƙa zagayawa yana dawowa kusan wayam. Niyya tana nan, amma kuɗin suna banki, ga layi a bakin ATM tun asuba. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023, cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, sannan aka ɗan numfasa. A wannan tsakanin ne aka soma rubuta lambar asusu a allo, wasu majami'un birni har suka ajiye na'urar POS a bakin ƙofa. Wahalar ta wuce, amma al'adar ta zauna.

Mu ba mu ga laifin wannan ba. Ɗanmu mai aiki a Legas yana iya aiko da zakkarsa gida cikin minti ɗaya, ma'aji kuma ya huta da kwana da kuɗin godiyar kaka a ƙarƙashin katifa.

To, amma lambar nan da ke allo, ta wane ne? A ƙananan ikilisiyoyi da dama, ta ma'aji ce, ko ta sakatare, ko ta fasto. Dalilin da ake bayarwa shi ne buɗe asusu da sunan ikilisiya yana bukatar takardu da zirga-zirga. Gaskiya ne. Sai dai mu duba abin da muke ɗora wa bawan Allah nan. Kuɗin rufin majami'a da kuɗin makarantar 'ya'yansa suna kwance wuri ɗaya, kati ɗaya ke cire su. Ko shi mai amana ne ƙwarai, ranar da lissafi ya rikice ba shi da abin da zai wanke kansa, sai tsegumi ya soma yawo a unguwa. Idan kuwa Ubangiji ya kira shi gida, banki bai san ikilisiya ba. Mai asusu ya sani, da magadansa waɗanda za su kawo takardun gado. Shin dattawa za su je gidan makoki su ce wa gwauruwa ta fito da kuɗin siminti?

Manzo Bulus da kansa bai yarda ya riƙe gudummawar tsarkaka shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 mun ga an haɗa da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada wani ya sami abin zargi. In Bulus ya bukaci shaidu, balle mu. Saboda haka muna roƙon majalisun dattawa su buɗe asusu da sunan ikilisiya, kada a cire ko kwabo sai mutum biyu sun sa hannu, a kuma karɓo takardar bayanin asusu daga banki kowane wata a karanta a majalisa. Saƙon da ke shigowa waya ba rasit ba ne. 'Yan kasuwa da yawa sun sha da saƙon bogi.

Akwai kuma abin da ya fi damunmu. Kwanon baiko ba ya faɗin sunan kowa, amma tura kuɗi yana zuwa da suna da adadi. Wanda ke riƙe da wayar ya san mai ba da dubu hamsin, ya san mai ba da ɗari biyu, mutum kuwa ɗan tara ne. Sannu a hankali gaisuwa takan bambanta, kujerar gaba ma ta sami masu ita. Yesu ya koya mana bayarwa a ɓoye a Matiyu sura 6, a Markus sura 12 kuma gwauruwa mai ɗan abin hannu ya yaba. Kada a karanta sunaye daga bagade, kada kuma a janye kwanon don an sa lamba a allo. Iyayenmu mata masu sayar da daddawa da ƙuli, baikonsu a ƙulle yake a bakin zane.

Su ma waɗanda ke da katin, mun lura sukan miƙa shi ga yaro ko mai POS, su faɗi lambar sirri da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Muna so Zumuntar Mata ta ware minti goma a taronta na mako, wani matashi mai amana ya koya musu danna lambobi huɗun nan da hannunsu, ya kuma gaya musu banki ba ya kiran mutum a waya ya tambayi lambar sirrinsa.