Ruwa Garau Ba Shi Ne Lafiyayyen Ruwa Ba

Idan Bahaushe ya ce ruwa ya yi garau, ido ne ya yanke hukunci. Abin da ya auku a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ya isa shaida cewa ido ba alƙalin ruwan sha ba ne.

Tun daga 1985 mutanen garin suka shiga shan ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan ba launi, ba wari, amma sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wato miligiram 1.5 a kowace lita, fiye da sau uku. Aka yi shekara kusan 15 ana sha. Haƙoran yara suka dafe, ɗaruruwa daga cikinsu ƙasusuwansu suka lanƙwashe.

Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kawar da wannan sinadari. Saboda haka uwar gida, duk tsabtarta, ba ta da dabarar kare 'ya'yanta.

A ganina, wajibi ne a auna ruwan kowace rijiya kafin a buɗe famfo, a riƙa maimaitawa, a kuma karanta sakamakon da Hausa a rediyon gari. Mai biyan kuɗin ruwa yana da haƙƙin sanin abin da yake shayar da iyalinsa.