Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Wata rana da la'asar sakaliya, ina zaune a ƙofar gida a Gwadabawa ta Jimeta, sai ga wani tsohon ɗalibina ya yi sallama, fuskarsa cike da fara'a kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mini wayarsa, wai in sa masa albarka, ya sami hanyar aiki a ƙasar waje. Wani dillali ne ya yi masa alkawarin aikin tuƙi a kamfanin da ke kai wa sojoji kaya, albashi da dala, ga kuma kuɗin kasada a kai. Na ce, "Wace ƙasa ce?" Ya ce, "Malam, sai mun isa Dubai za a raba mu." Na ce, "Ina takardar yarjejeniyar?" Ya ce, "Can za a sa hannu." Abin da ya rage kawai shi ne mahaifiyarsa ta sayar da filin da ta gada a biya kuɗin hanya.

Wannan zance shi ya hana ni barci, shi ne kuma dalilin ɗaukar alƙalamina. Abin da nake son faɗa a fili yake: aikin kwangila a fagen yaƙin wasu tsari ne da aka gina domin riba ta tsaya a sama, haɗari kuwa ya gangaro ƙasa ya faɗa kan wanda ransa ya fi araha. A wannan kasuwa kuwa, ɗan Gwadabawa yana cikin masu arahar.

Kada mai karatu ya ɗauka baƙon abu ne a ƙasar Adamawa. A watan Agusta na 1914, daga nan Yola rundunar Turawan Ingila ta tashi ta tasar wa Jamusawa a Garwa, aka fatattake ta, garin bai faɗi ba sai a watan Yuni na 1915. To, wa ya ɗauki harsashi da abinci da tantunan wannan yaƙi a ka? 'Yan alaro ne, talakawan da ba su da rigima da Bajamushe ko Bature. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a karrama su da sunayensu ba, wasu ma ba a tuna da su sam. Hafsan Turawa ya sami dutse da suna a kansa, ɗan alaro ya sami ciyawa. Shekara ɗari ta wuce, kaya sun tashi daga ka sun koma mota, amma matsayin mai ɗaukarsu yana nan inda yake.

Mu dubi yadda abin ke tafiya a zamanin nan. Gwamnati mai yaƙi takan ba wani babban kamfani kwangilar ciyar da soja da wanki da gadi da jigilar mai. Shi kuma ya yanka ya ba ƙaramin kamfani a wata ƙasa ta Larabawa, wannan ya nemi kamfanin ɗaukar ma'aikata, shi kuma ya nemi dillali a Legas ko Abuja, dillalin ya sami yaronsa a Jimeta. Kowane hannu sai ya lashi rabonsa, kowane hannu kuma sai ya zame daga alhaki. Ranar da bam ya tashi da mota, babban kamfani zai ce bai san direban ba, ƙaramin ya ce ba shi ya ɗauke shi ba, lambar dillali kuwa a kashe.

Ga misalai, don kada a ce Malam tatsuniya yake yi. A watan Agusta na 2004 aka sace 'yan ƙasar Nefal 12 a Iraƙi aka kashe su, alhali da suka bar gida aikin otal a Jodan aka yi musu alkawari. A 2011 mujallar New Yorker ta Amurka ta ba da labarin wasu mata 'yan tsibirin Fiji da aka ce za su yi aikin gyaran jiki a Dubai, sai suka tsinci kansu a sansanonin soja a Iraƙi. A 2016 jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa an ɗebi 'yan Saliyo gadin sansanonin Amurka a Iraƙi kan dala 16 a yini, domin kawai sun fi Turawa sauƙin biya. Masu bincike na Jami'ar Brown sun ƙiyasta cewa a yaƙe-yaƙen Amurka na bayan 2001, 'yan kwangila kimanin 8,000 suka mutu, sun ɗara sojojin Amurkar da suka mutu, waɗanda suka ɗan haura 7,000. Kowa ya ga akwatin gawar soja lulluɓe da tuta a talabijin. Wa ya taɓa ganin na mai wanki?

Abin bai tsaya a Iraƙi ba. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo yadda aka yaudari 'yan mata daga ƙasashen Afirka da sunan karatu da koyon sana'a, suka ƙare a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙa a Alabuga ta ƙasar Rasha, wurin da Yukren ta kai wa hari. A watan Nuwamba na 2025 gwamnatin Yukren ta ce 'yan Afirka sama da 1,400 daga ƙasashe 36 suna yaƙi a ɓangaren Rasha, a wannan watan kuma Afirka ta Kudu ta sanar cewa 'yan ƙasarta 17 sun maƙale a yankin Donbas bayan an ja su da alkawarin aiki mai tsoka. Wato tsakanin aikin farar hula da bakin daga, wani lokaci sa hannu ɗaya ne a takardar da aka rubuta da harshen da ba ka iya karantawa.

Na san amsar da za a ba ni, domin ɗalibin nawa ya riga ya ba ni ita. Ya ce, "Malam, nan ɗin lafiya ake? Ba a gabanmu Mubi ta faɗi a 2014 ba? Ba a nan Jimeta bam ya tashi a kasuwa da masallacin Jambutu a 2015 ba? Ga digiri a ƙarƙashin katifa shekara huɗu. In mutuwa ce, ko'ina tana nan." Wannan magana tana da nauyi, kuma duk malamin da ke karɓar albashi, komai ƙanƙantarsa, ya kamata ya ji kunya kafin ya yi wa mai yunwa wa'azin haƙuri. Haka nan ban zo in soki fita nema ba. Fatauci da cin rani gadonmu ne, su suka kai Bahaushe Gwanja da Kumasi da Sudan.

Sai dai akwai bambanci. Bafatake ya san inda ya dosa, yana da madugu da ya san iyayensa, yana da zangon da zai sauka, ranar da ya ga hanya ta ɓaci kuma yana iya juya jakinsa. Wanda aka karɓe wa fasfo a filin jirgi, bashin dillali na wuyansa, bai san sunan garin da yake ba, wannan ba ɗan cin rani ba ne, kaya ne. Batun ajali kuwa, gaskiya ne ba ya wuce lokacinsa, amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya koya mana ɗaure raƙumi tukuna. Jefa kai cikin wuta a kira shi ƙaddara, ganganci ne aka sa wa rawani.

Laifin ma ba na yaran kaɗai ba ne. Mu ne muke tashi tsaye mu ba wanda ya dawo da mota tabarma, ba mu tambayar mutum nawa suka tafi tare. Mu ne iyayen da ke auna ɗa da ɗan maƙwabci. Hukuma kuma tana da doka a littafi: Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuwa waje ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane tana nan tun 2003. To, sau nawa aka zo Gwadabawa ko Luggere ko Nassarawo aka tara matasa aka yi musu wannan bayani da Hausa ko Fulatanci? Dillali ya san hanyar majalisarmu, jami'i bai sani ba.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, in har ka ƙudura sai ka tafi, to ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi ganin lasisin mai ɗaukarka, ka bincika shi a ma'aikatar da kanka. Ka karanta yarjejeniya tun kana gida, da sunan kamfani da ƙasa da gari da albashi a rubuce, ka bar kwafi wurin na gida. Ka tambayi wa zai biya in ka ji rauni, wa zai kawo gawarka, nawa za a ba magadanka. Dokar Amurka ta 1941 ta tilasta wa 'yan kwangilar gwamnatinta a ƙetare su yi wa ma'aikatansu inshora ko 'yan wace ƙasa ne, amma haƙƙin da ba ka san da shi ba, wa zai nema maka? Bizar yawon buɗe ido ba bizar aiki ba ce. Wanda ya ce ka kawo kuɗi mai yawa kafin ka ga takarda, ko ya ce ka ɓoye wa iyayenka, kai ne hajarsa.

Ɗalibin nawa ya saurare ni har na gama, ya yi godiya cikin ladabi. Da zai tashi na ce ya je ya yi wa dillalin tambaya ɗaya tak: cikin 'ya'yan cikinsa, guda nawa ya tura can? Har yau filin mahaifiyarsa ba a sayar ba, amma na ji an ce wani yaron a bayan layinmu ya riga ya karɓi gurbin.