An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk lokacin da aka koma makaranta sai mun ji wani babba ya hau rediyo yana cika baki, wai daga yau duk uban da ɗansa ya yi fashin makaranta za a kama shi a kai shi gaban alƙali. Ba mu ce ƙarya yake yi ba, gama dokar tana nan. A 2004 aka yi dokar ilimin tilas kyauta a Nijeriya, ta ce uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta a ja masa kunne karon farko, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, in ya ƙara kuma naira 5,000 ko wata 2. Wannan sashe manyanmu sun haddace shi kamar karatun allo. To amma dokar tana da sauran sassa, su ne ba a son talaka ya ji, mu kuwa yau sai mun karanta muku.

Dokar nan da kanta, tun kafin ta ambaci uba, gwamnati ta fara ɗora wa nauyi. Ta ce wajibi ne kowace gwamnati ta ba kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, shekara 9 ke nan. Ta lissafa abin da ake nufi da kyauta, wato littattafai, da kayan koyarwa, da ɗakin karatu, da abin zama, har da abincin rana. Ta kuma ce wanda duk ya karɓi kuɗi a kan waɗannan abubuwa ya yi laifi, hukuncinsa tara har ta naira 10,000 ko ɗaurin wata 3. Jama'a, ku auna da kanku. Tarar mai karɓar kuɗi ta ninka ta uba, amma wa kuka taɓa ji an hau rediyo ana yi masa barazana da ita? Ga kuɗin jarrabawa, ga kuɗin kati, ga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ga tsintsiya, ga alli, kowane zango da sabon suna. Yaron da bai kawo ba a kore shi ya je ya kawo, in ya kwana uku bai dawo ba a rubuta shi cikin masu gudun makaranta. Wanda ya kore shi shi ne kuma mai kai ƙararsa!

Babu wanda ke musun cewa yara suna fashi. Kowane ɗan kasuwa a Kano shaida ne. Da ƙarfe 10 na safe ranar Talata, wanda ke zaune a Kurmi ko Kantin Kwari ko Sabon Gari ko 'Yankaba zai ga yara da wandon makaranta sun cusa rigar a jaka, wannan yana dako, wancan yana sayar da ruwan leda, wani kuma yana raɓe a bakin gidan kallo. 'Yan mata ga su da faranti a ka. Hukumar UNESCO ta ce a 2022 yaran Nijeriya kusan miliyan 20 ba sa makaranta. Waɗannan da muke magana a kansu kuwa sunansu na cikin rajista, ana lissafa su cikin masu karatu, ana kai adadinsu Abuja ana taƙama da shi, alhali kuwa a mako sau biyu suke leƙa aji. Irin wannan yaro shi ne zai gama aji 6 bai iya rubuta wa ubansa rasit ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Mu bi yaron nan zuwa makarantar da ya guje wa, mu ga abin da ya bari. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami 1 ga yara 35 a firamare. A cikin birni aji mai yara 100 ba abin mamaki ba ne, na baya ba ya jin malami, ba ya ganin allo, malami kuwa bai san sunansa ba balle ya san ran da bai zo ba. Abin zama babu. Kada wani ya ce sharrin 'yan hamayya ne, gama a watan Yuni na 2024 Gwamnan Kano da bakinsa ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya ce miliyoyin yara a ƙasa suke zaune suna karatu. Wanda ya gabace shi kuma a 2019 ya yi shelar ilimi kyauta kuma dole, aka yi taro, aka yi tafi. Shekara 5 tsakanin shela da ta-ɓaci. Ga makarantu ba ruwan sha, ba makewayi, yarinya da ta fara girma ta ce za ta je gida ta kama ruwa, shi ke nan sai gobe, in ma ta dawo. Malamin shi ma wani lokaci ba ya nan, ya tafi neman abin da zai cike albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Yaro ya yi sammako kwana uku a jere ya tarar ba malami, rana ta huɗu wa zai ga laifinsa in ya bi ta kasuwa?

Sai babbar magana, wato yunwa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin adaidaita sahu ya tashi, kwanon masara ya tashi, magidanci mai 'ya'ya 6 ya koma lissafin wa zai je yau wa zai je gobe. Uban da ya kasa ba ɗansa kuɗin tara shi ne za a ci tara. Maganin kuwa an san shi, an ma gwada shi. A 2016 da Gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare, makarantu suka cika maƙil har aka rasa inda za a zaunar da yara. Masu ƙoshi suka yi ta dariya wai yara sun zo cin abinci ne, da sun ci sai su watse. To ai wannan shi ne shaidar da muke nema, sun faɗa mana da bakinsu abin da ke hana yara zama. In yaro yana tafiya bayan ya ci, sai a matsar da abincin kusa da tashi, a kuma sa malami a ajin da zai koma. Gwamnatin Tarayya ita ma ta fara nata a shekarar, a kan naira 70 kowane yaro, 'yan aji 1 zuwa 3 kaɗai, kai ka ce ɗan aji 4 ba shi da ciki. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi saboda zargin almundahana. Manya suka yi ɓarna, aka ɗauke kwanon yara.

Kuɗi fa akwai. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, jiha ta kawo nata rabin ta karɓi rabi. Sau nawa hukumar da ke riƙe da asusun tana kuka cewa biliyoyin naira na kwance jihohi sun ƙi zuwa ɗauka, don kawai ba sa son ajiye nasu kason?

Tsofaffinmu sun ba mu labarin zamanin En'e, bayan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, yadda ake yanka wa hakimi adadin yara, dogari ya shiga gari kamu, mai hali ya fanshi ɗansa, a tafi da ɗan talaka yana kuka. Amma ko a wancan zamani na danniya, wanda aka kama ana ba shi abin zama da littafi da malami. Na yanzu sun gaji kamun, sun yar da sauran. Nasu 'ya'yan suna makarantun kuɗi, mota ta kai mota ta ɗauko, shi ya sa rufin aji zai yi damina uku a yaye ba wanda ya ji a jikinsa.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu, kuma gara mu faɗa wa junanmu kafin wani ya faɗa mana da sanda. Alhaji mai shago, yaron da ke kwance maka dila da hantsi, ka taɓa tambayarsa ajinsa nawa? Naka ɗan yana makaranta, na maƙwabcinka yana ɗaukar maka kaya a kan abin da bai kai kuɗin shayinka ba. Ba wanda ya ce kada yaro ya koyi kasuwa, mu ma a rumfa muka tashi, amma kasuwa tana ci har magariba, makaranta kuwa da azahar ta tashi. Iyayenmu mata na cikin gida, mun san tallan nan da shi ake cefane, da shi ake tara kayan ɗaki. A ɗora wa yarinya farantin bayan ta dawo, ƙosan safe kuma a nemi wata dabara.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowace gwamnati ba. A kira suna sau biyu, da safe da bayan tara, na yara da na malamai duka. Yaron da ya yi kwana 3 ba a gan shi ba, a aika gidansu ta hannun mai unguwa a ji dalili, kafin a ambaci alƙali. A dawo da abinci har aji 6. A hana korar yaro saboda kuɗin da doka ta haramta karɓa, wanda ya karɓa kuma a yi masa hukuncin da doka ta yanka. Shugabannin kasuwa su yi shela cewa daga safe zuwa azahar ba mai sa ɗan makaranta aiki.

Kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin gudanarwa wanda iyaye da mutanen unguwa ke da kujera a ciki. Sau da yawa hedimasta da abokansa ne ke cike sunayen, ba a ko yin zama. Ranar Litinin mai zuwa, magidanta biyar biyar daga kowace unguwa su bar rumfa a hannun yaran shago manya, su je makarantar 'ya'yansu, su gai da hedimasta da ladabi, su tambayi su wane ne 'yan kwamitin, yaushe suka yi zaman ƙarshe, sa'an nan su roƙi a nuna musu rajista su ƙirga yaran da ke cikin aji da idonsu. Abin da kuka gani ku rubuto wa Edita, da sunan makarantar da adadin, za mu buga.