Kada A Ɗora Wa Teku Bashin Hayaƙinmu

Akwai wata magana mai daɗin ji a muhawarar sauyin yanayi: wai tunda ƙanƙarar tekunan Aktik da Antaktika tana narkewa, ruwan zai buɗe ya riƙa shanye iskar kabon fiye da da, ya rage wa duniya nauyi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa muke ganin ta fi ƙarya haɗari.

Tekunan duniya na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon da ɗan'adam ke fitarwa, kuma ruwan sanyi ya fi riƙe iska, kamar lemon kwalba, ƙanƙara ita ce murfin. Tun 1979 da tauraron ɗan'adam ya fara sa ido, ƙanƙarar Aktik ta watan Satumba na raguwa da kimanin kashi 12 cikin 100 duk shekara goma. A 2012 ta sauko zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4.

To amma ruwan da ya narke daga ƙanƙara ba shi da gishiri sosai, bai da nauyi, sai ya kwanta a sama ya ƙi gauraya da na ƙasa. Wannan ɗan siririn ruwa nan da nan yake ƙoshi da kabon, rana ta ɗumama shi, shan ya ragu. Haka masu bincike suka gani a tekun da ke arewacin Kanada. Abin da ya sha kuwa bai tafi a banza ba: ruwan yana ƙara tsami, ƙananan halittu masu ɓawo da kifi ke ci suna wahalar gina ɓawonsu. Ga kuma manyan kogunan Siberiya, Lena da Yenisei da Ob, suna kwararo tsohon kabon daga ƙasar da ta daskare shekaru dubbai, yanzu take saki.

A kudu lamarin ya fi tsoratarwa. Tekun da ke kewaye da Antaktika shi kaɗai ke ɗaukar kusan kashi 40 cikin 100 na abin da tekuna ke sha daga hayaƙinmu, amma a ƙarƙashinsa akwai ruwa mai zurfi cike da kabon, wanda iska mai ƙarfi ke taso da shi sama. A lokacin hunturu ƙanƙara ce ke toshe masa hanyar fita. A Fabrairun 2023 ƙanƙarar yankin ta yi ƙarancin da ba a taɓa aunawa ba, kimanin murabba'in kilomita miliyan 1.8.

Ra'ayinmu shi ne, duk gwamnatin da ke lissafin rage hayaƙi kada ta saka ƙarin shan teku cikin ribarta. Kuma ƙasashen da suka fi ƙona man fetur da kwal su biya kuɗin auna kabon a teku a lokacin hunturu, lokacin da jiragen bincike ke gudun waɗannan ruwaye. Jamus ta nuna zai yiwu a 2019, da ta bar jirgin Polarstern ya daskare cikin ƙanƙarar Aktik kusan shekara guda. Tekun kudu ma na buƙatar irin wannan aiki, kowace shekara.